Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Tarihin Tambaya Kafin Gini da Jere

Bayan girbin bara na je jeren ɗiyar wani ɗan'uwana a wani ƙauye kusa da Korgom, cikin gundumar Tasawa. Da la'asar mota ta iso daga birni ɗauke da gado mai faɗi, da kabad mai ƙofa huɗu, da madubi, da kujeru. Mata suka yi ta rangaɗa guɗa. Da aka zo shigar da kabad sai ya ƙi wucewa ta ƙofa. Aka juya shi ta nan, aka karkata shi ta can, daga ƙarshe sai da aka kira magini ya cire ƙyaure ya sassaƙe gefen bango. Da kaya suka gama shiga, ba a samu inda mutum zai shimfiɗa dardumar salla tsakanin gado da kujera ba. Amaryar kuwa tela ce, da keken ɗinkinta take rufa wa kanta asiri tun tana gidan iyayenta. Ranar keken a tsakar gida ya kwana, lulluɓe da buhu. Kafin a haɗa kuɗin kayan nan uban ya sayar da raguna biyu da dammunan hatsi, ya kuma ci bashi.

Na tambayi kafintan ko ya zo ya ga ɗakin kafin ya fara aiki. Ya ce hoto aka tura masa ta waya, aka ce irin wannan ake so, shi kuma ya yi. Wata gwaggonmu da ke zaune a gefe tana jin mu ta ce, "Ɗana, a zamaninmu ba a jere sai an zauna." Wannan magana ita ta sa na koma na bi tarihin zaman da take nufi, wato zaman da mai sana'a ke yi da mai gida ko mai ɗaki, ya yi tambaya ya saurara, kafin ya taɓa ƙasa ko katako. Masu karatun tsara gidaje a jami'o'in yau suna da darasi na musamman a kan wannan tattaunawa. Magabatanmu ba su rubuta ta a littafi ba, amma sun san ta, kuma a kanta gidajensu suka tsayu.

Zaman magini da maigida

Ƙasar Tasawa tsohuwar ƙasar Katsina ce, kuma tsarin gidajenta irin na sauran ƙasar Hausa ne. A ƙauyukan Korgom, da Hawan Dawaki, da wajen Mayahi, yawancin talakawa da kansu suke kafa ɗakunan kara da shibci, su kewaye gida da danga, ƴan'uwa da maƙwabta na taya su. Magini ana kiransa ne in mutum ya samu hali yana son soro, ko zaure, ko ɗakin ƙasa mai azara. A manyan garuruwa kamar Kano, Zariya, Katsina da Damagaram magina sana'a ce ta gado, suna da Sarkin Magina wanda ke raba manyan ayyuka, yana kuma sasanta rigima tsakanin magini da mai aiki.

In an kira magini, ba ya zuwa da takarda. Zai zauna a tabarma a gaisa, a taɓa zancen damina da na iyali, sannan a gangaro kan magana. Tambayoyinsa na zaman gida ne. Matan gidan nawa ne, kuma akwai niyyar ƙari? Dalilin tambayar shi ne addini ya wajabta adalci tsakanin mata, ɗakin uwargida da na amarya in suka bambanta a faɗi ko a ado, an shuka fitinar da za ta fi bangon daɗewa. Matan suna kulle? In suna yi, to ƙofar zaure da ta shigifa ba za su kalli juna ba, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Maigida malami ne mai almajirai, ko mai baƙi daga nesa, ko mai sana'ar da ake yi a zaure kamar ɗinki da dukanci? Amsar ita ke yanke girman zaure. Akwai tsohuwa a gidan? Ɗakinta ba ya son dokin ƙofa mai tsawo, kuma lokacin hunturu za ta so gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ina za a ɗaure awaki, ina rumbu zai tsaya, ina hayaƙin murhu zai bi?

Akwai kuma abin da magini ba ya tambaya, shi ke faɗa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, shi ke son yaɓe mai kauri, kuma ba a son ƙofa ta buɗe wa iska baki. Makewayi ba ya fuskantar alƙibla, ba ya ba ta baya. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita 2. Wanda ke son ɗaki mai faɗi fiye da haka sai a yi masa ginshiƙi ko baka, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. A nan magini zai dubi maigida ya ce, "Malam, wannan da kake so zai ci azara kaza da kwana kaza, ka shirya?" In bai shirya ba sai a rage, ko a bar fili a ce baɗi in Allah ya kai mu.

Bayan an daidaita sai a tashi a je filin. Magini ya ja zane a ƙasa da ƙafarsa, maigida ya shiga cikin zanen ya tsaya, ya taka, ya ce a ƙara nan, a matsa can. Gyaran da aka yi a kan rairayi ba ya cin ko dala. Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya zauna da manyan maginan ƙasar Hausa ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansu a 1981, ya adana mana da yawa daga cikin yadda waɗannan gwanaye ke tunani da aiki. Mu ma duk wanda ya tashi kusa da tsohon magini ya ga wani abu daga ciki da idonsa.

Manyan gine-gine ma a kan wannan hanya suka tashi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846), mutane sun fi tuna shi da bakunansa da tulluwarsa. Amma wanda ya dubi tsarinsa zai ga an haɗa shi da ɗakin shari'a, da zaurukan shiga inda ake alwala. Sai wanda ya san yadda jama'a ke shiga da fita ranar Juma'a, da abin da sarki da alƙali ke bukata, zai iya tsara wuri haka. A nan Nijar, a garin Yama na jihar Tawa, dattawan gari ne suka nemi Falke Barmu, manomi kuma magini, ya gina musu masallacin Juma'a a 1962. Kowane gida ya kawo abin da ya iya, wani tubali, wani ruwa, wani itace. A 1975 aka sake rufin aka yi masa baka da tulluwa, daga 1978 zuwa 1982 aka ƙara hasumiyoyi huɗu da babu mai kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan. Shekara 20 magini da jama'arsa suna shawara suna ƙari daidai da ƙarfinsu.

Cikin ɗaki na mata ne

In magini ya gama ya wanke hannu, abin da ya saura na mata ne. Su ke taruwa su yi ɗaɓe, suna bugun ƙasa da maɗaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Su ke shafe bango. Sannan ranar jere gwaggwanni da innoni da ƙawayen uwa su zo su tsara kaya.

Kayan ɗaki a al'adar Bahaushe dukiyar mace ce. Iyayenta da danginta ke tara mata, in aure ya mutu da abinta take tafiya, in yunwa ko ciwo ya zo daga ciki take cirewa ta sayar, in ta haifi ɗiya daga ciki take fara tara mata. Barbara Kufa, wata masaniyar tarihi daga Amurka da ta zauna da matan Maraɗi, ta fitar da littafi a 1997 a kan aure a wannan gari daga 1900 zuwa 1989. A ciki ta nuna cewa kayan da ake jerawa a ɗakin amarya shaida ce ta arzikin mutane, duk wanda ya shiga zai karanta yawan dangi da ƙawayen da suka tsaya wa yarinyar da uwarta.

Kayan da kansu sun yi ta sauyawa. Kakanninmu sun yi jeren ƙorai da aka yi wa zane, da faya-fayai, da akussa, da adudu na ajiyar tufafi, ga ragaya rataye, ga gadon kara. Masu hali suka ƙara da tasoshi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka riƙa hawowa arewa, har suka tsallako iyaka zuwa kasuwanninmu. Sannu a hankali kwanon sha da langa da kwalla da fanteka suka ture ƙwarya daga bango. Gadon ƙarfe mai rumfa ya ture na kara. Daga baya kabad mai gilashi ya zo da tangaran a ciki.

Duk da wannan sauyi, zaman da gwaggona ke magana bai ɓace da wuri ba. Kafin ranar jere wata babba daga dangin amarya takan je gidan ango ta ga ɗakin. Ta auna bango da kamu ko da igiya, ta duba inda ƙofa take da inda haske ke shigowa, ta tambayi uwar ango ko rufin na yoyo, da ta wane gefe. Ta dawo ta zauna da uwar amarya: me aka tara, me ya saura, yarinyar za ta yi sana'a a ɗaki, kaɗi ko saƙa ko ƙuli-ƙuli? Gidan da kishiya? In akwai, me ke ɗakinta, don kada a kai abin da zai zama gori, kada kuma a kai abin da zai sa a rena yarinya. Abin da ɗaki ba zai ɗauka ba a bar shi wurin uwa, ajiya ce.

Kada mai karatu ya ɗauka komai na wancan zamani daidai yake. Akwai wadda ba a cika tambaya ba, ita ce amaryar kanta. Sau da yawa yarinya ce ƙarama, kunya ta hana ta magana, al'ada kuma ta ce manya sun san abin da ya dace da ita. Haka ma magini da maigida yake zama, matan da za su wuni a tsakar gidan sai dai a ji ra'ayinsu ta bakin miji, in ya ga dama ya tambaye su. Wannan giɓi ne na gaske, kuma mun gaje shi.

Yadda tambaya ta ragu

Kuɗin gyaɗa na shekarun 1950 da 1960 sun canza fuskar jihar Maraɗi. Alhazai suka yi ƙarfi, kwanon rufi da siminti suka zama alamar wanda ya samu, aka kuma kafa masana'antar siminti a Malbaza. Ginin siminti ya zo da ma'auninsa: bulo girmansa ɗaya, kwano tsawonsa ɗaya, ƙofar ƙarfe da taga an riga an ƙera su a kasuwa. Birkila, ko maso kamar yadda muke cewa a nan, ya koyi ɗaki mai kusurwa huɗu na "shiga da fita" ko "ciki da falo", ya riƙa maimaita shi ga malami da mahauci da mai mata huɗu. Ɗakin kwano marar silin kuwa kowa ya san yadda yake a watan Afrilu, sai dare ya raba mutane ke iya shiga.

Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun tura samari da yawa ci-rani zuwa Kano, Legas da wasu ƙasashe. Suka dawo da kuɗi da kuma hoton gidajen da suka gani a ransu. Giginya ta yi wuya, azara ta yi tsada, ƴaƴan magina da yawa suka bar sana'ar gado. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ninka farashin kayan waje, amma gasar kayan ɗaki ba ta ragu ba, sai dai bashi ya ƙaru. Finafinan Hausa na Kano, daga shekarun 1990, sun shigo da falo mai kujeru da labule har cikin ƙauye. Yanzu kuma waya ta kammala aikin. Uwa ta ga hoto a WhatsApp, ta tura wa kafinta a Maraɗi ko Tasawa, shi kuma tambayarsa ɗaya ce: nawa gare ku?

Ba laifin kafinta kaɗai ba ne. Tsohon magini ɗan gari ne, ya san gidan tun kafin a kira shi, kuma in bango ya tsage gobe a masallaci za a haɗu. Mai sana'ar yau yana nesa, bai san amarya ba, bai taɓa ganin ɗakin ba, ba kuma za a sake haɗuwa ba. Abin da zaman tare ke ba magini kyauta, shi sai ya nema da bakinsa. Ke nan bukatar tambaya ta ƙaru a daidai lokacin da aka daina yin ta.

Darasi biyu, ɗaya daga Masar ɗaya daga Dandaji

A tsakiyar shekarun 1940 gwamnatin Masar ta ba Hasan Fathi, masanin tsara gine-gine, aikin gina sabon ƙauye kusa da Luksor, don a tayar da mutanen Gurna kimanin 7,000 daga kan tsofaffin kaburburan Fir'aunoni. Fathi ya yi gini da tubalin ƙasa, mai sanyi, mai kyau, ya kuma yi ƙoƙarin tsara gidaje daidai da iyalan da za su zauna. Amma yawancin mutanen suka ƙi tashi, domin abincinsu yana wurin da suke, aikin ya tsaya ba a kammala ba. Gwamnati ce ta ba da aikin, kuma babbar tambayar, wato ko kuna son ku tashi, an yanke ta kafin a zo wurinsu. Mai biyan kuɗi daban, mai zama a ɗaki daban, kamar dai uban amarya da amarya.

A Dandaji ta jihar Tawa an bi wata hanya. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Mariam Isufu Kamara, ƴar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Isma'ili suka zauna da mutanen garin, aka tsaya a kan a gina sabon masallaci babba da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka gayyato maginan da suka san tsohon ginin suka shiga aikin. An kammala a 2018, yau ɗalibai da mata na da wurin karatu a harabar da dā salla kaɗai ake zuwa yi. Wannan tsohuwar hanyar Yama ce aka sabunta, aka kuma faɗaɗa tabarmar ta ɗauki waɗanda dā ba a kira.

Abin da ya rage gare mu

Iyaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a ba kafinta ko sisi, a je a auna ɗakin, faɗi da tsawo, a auna ƙofa. A kira yarinyar, in tana jin kunyar uba a sa gwaggonta ko yayarta ta tambaye ta a keɓe: me kike yi da safe, ina za ki yi salla, ina za ki ajiye keke ko littattafanki, baƙinki a kujera za su zauna ko a tabarma? A faɗa wa mai sana'a gaskiyar abin da ke hannu tun farko. Mai sana'ar da ya karɓi kuɗi bai tambayi komai ba, a yi hattara da shi. Wanda ya ce sai ya zo ya gani, ko a turo masa awo, ya kama hanyar magabata ko da bai sani ba.

Malamai kuma, aji ma ɗaki ne, kuma ku ne masu shi tare da yara. Bayan gobarar da ta cinye azuzuwan kara a Maraɗi a watan Nuwamban 2021, inda yara fiye da 20 suka rasu, kowa ya yarda a gina azuzuwa masu ƙwari. To in ginin ya zo garinku, kada ku tsaya a gefe kuna kallo har a miƙa muku makulli. Malami ne ya san ta wace taga rana ke haske allo har na baya ba ya ganin rubutu. Shi ya san yara nawa ke cushe a benci ɗaya, da ko ƙofa ɗaya za ta ishe su fita in wani abu ya faru, da inda ya kamata makewayin ƴan mata ya kasance don kada su daina zuwa. Kwamitin iyayen yara na da bakin da zai nemi a zauna kafin a haƙa harsashi.

Masu koyar da sana'a a cibiyoyin horo, da iyayen gidan da ke da yara a shago, su ma akwai nasu. Muna koya wa yaro riƙon zarto da awon bulo, ba ma koya masa yadda zai gaida tsohuwa ya zauna ya tambaye ta yadda take kwana da tashi. Ko a makarantar firamare ana iya farawa. A ba yara aikin gida su je su tambayi kaka yadda ɗakinta yake ranar da aka kawo ta, wa ya jera, me aka tambaya, su auna ɗakinsu da taki su zana a takarda. A aiki ɗaya sun taɓa tarihi da lissafi, sun kuma koyi sauraron manya.

Ɗiyar ɗan'uwan nawa, bayan wata uku, ta sa an fitar da kujera biyu an mayar gidan uwarta, keken ɗinki ya shiga ya zauna kusa da taga. Bashin kujerun kuwa har yanzu uban bai gama biya ba. Allah ya ba mu ikon tambaya tun abu bai ɓaci ba.